Saƙar Bahaguwa

Talata, 28 ga Oktoba 2014, bayan La'asar

Yau ƙawata ta kira daga Mubi. In na ce ƙawata, Yusrah nake nufi, jikata, wadda aka miƙo mini ranar da aka yaye ta, ta cinye mini haƙuri da gyaɗa. Ta ce ranar Asabar Umair zai kawo ta gida goyon ciki. Na ce to ki taho da cikinki, amma mijin ki ajiye mini shi a ƙofar ɗaki, dama aro na ba ki. Ina jin sa daga gefe yana cewa, "Dada, in kin yarda kin sa haƙoran roba, yau na dawo gare ki." Ja'iri. Na ce wanda ya auri bahaguwa wa zai yi wa gori? Ya ce in daina cika baki, facin da na yi wa jar suwaitarsa bara a gwiwar hannu har ya fara buɗewa. Ƙarya yake. Facina sai dai rigar ta mutu ta bar shi.

Kaftaninsa na ranar suna na yanka tun makon jiya. Shadda ce ruwan toka, yankan da, mai faɗin hannu da aljihun gefe, irin wanda marigayi Malam yake sawa zuwa ofis. Umair ɗin ne ya roƙe ni. Yaran yanzu sun gama raina kayanmu, sun dawo suna cewa shi ne yayi. Saura in haɗa hannu in kafa wuya.

Shawul ɗin jariri kuwa yana cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Ba a baje kayan baƙon da bai iso ba. Sai na tura ƙofa nake ɗauko kwarashina.

Naziha, uwar Yusrah, ta ji wayar nan kaf daga bakin murhu, ta yi kamar da tukunya ake magana. 'Yar farinta ce, ba ta kama sunanta, ba ta tambayar lafiyarta. Sai da na fito ta ce, "Dada, mutanen can lafiya?" Na ce waɗanne mutane? Mubi gari ne babba. Ta sunkuyar da kai. Sai da na ja mata rai sannan na ce cikin ya yi ƙasa, uwar ciki kuma bakinta bai mutu ba.

Laraba, kafin Azahar

Baban yara ya dawo daga ofis da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ɗana ne, shi ma ɗan fari, sunansa ba ya fita a bakina, amma biro ba baki ba ne: Abdulhakeem. Ya tsaya a tsakar gida da waya a kunne, ya sauke, ya mayar, ya sauke. Na ce, "Kai, wayar nan nono ce?" Bai yi dariya ba.

Ya ce 'yan bindigar nan sun shiga Mubi.

Laraba, bayan Magariba

Wayarta a kashe. Tasa a kashe.

Alhamis, da hantsi

Mun je tasha ni da Mairo maƙwabciyata. Ban taɓa ganin Jimeta haka ba. Mutane a kan tirela kamar buhunan masara, wasu takalmi ƙafa ɗaya, wasu babu. Wata ta rungume fanka tun daga can, ta manta ba ta ɗauko zane ba. Duk mai cikin da na hango sai na kewaya na ga fuskarta. Mairo ta ce, "Adda Sabuwa, za a ce mayya ce ke." Na ce su ce.

Wani ya ce 'yan unguwarsu sun bi ta duwatsu. Wani ya ce a'a, ta Maiha. Wani ya kalle ni kawai ya nemi ruwa.

Alhamis, bayan La'asar

Na ɗauko shawul na zuba masa ido. In na ci gaba, kamar ina yi wa Allah gaggawa. In na ajiye, kamar na sallama. Na rasa wanda ya fi muni. Sai na yi layi ɗaya na mayar cikin kwalla. Haka zan riƙa yi. Layi ɗaya ba ci gaba ba ne, ba kuma tsayawa ba ne.

Asabar, da safe

Yau ce Asabar ɗin.

Naziha ta share ɗakin da muka gyara, ta sake sharewa, ta turara. Na ce wa ake jira? Ta ce, "Sauro ne ya yi yawa, Dada." Na bar ta da sauronta.

A kashe. Na yi layi ɗaya.

Litinin, bayan Magariba

Cika-ciki. An yanka kaza don kada yara su ce an hana su shekara. Kowace shekara rana irin ta yau Yusrah ke zuwa ta tsaya a kaina ta ce tsohuwa ba ta da cikin cikawa, a ba ta kasona. Ni kuma in ce wadda ke ci da hannun dama don tsoron bulala, ta saƙa da na hagu don taurin kai, ba ta da bakin magana.

Naziha ta zuba kwanoni, ta zuba har da ɗaya da ya yi yawa. Ta tsaya da shi a hannu. Na ce kawo nan, nawa ne, yau sau biyu zan ci. Na ci kuwa. Ban san yadda ya wuce ba.

Laraba, da hantsi

An ce za su zo Yola. An ce ba za su zo ba. An ce sun aiko. Gidan da ke kallonmu sun ɗaure kaya sun yi Gombe, sun bar wa Mairo akuya da makulli. Baban yara ya ce ko in bi ƙanwarsa zuwa Jalingo. Na ce in yarinya ta zo ta buga ƙofa, akuyar Mairo ce za ta buɗe mata?

Keken ɗinkina na lulluɓe shi da zani. Tsohon keke ne na hannu, mai hoton malam-buɗe-littafi a jiki, da shi aka kai ni ɗaki. Kaftanin yana kai, hannu ɗaya a haɗe, ɗaya a sake. Ba na son ganinsa haka, kamar yana miƙo mini hannu.

Juma'a, bayan an sauko

Matan Islamiyyarmu suna tara kaya za a kai Damare, inda aka sauke mutane. Aka ce jarirai sun yi yawa, sanyin asuba kuma ya fara shigowa ta kogi. Na ce ni ba ni da atamfar bayarwa, amma ina da yatsu. Mairo ta shiga kasuwa wajen 'yan gwanjo ta kwaso tsofaffin suwaitu. Haka muke yi tun da: a warware, a naɗe a bayan kujera, a jiƙa a ruwan ɗumi ya miƙe, a shanya, a dunƙule. Ulu ya dawo sabo, ba wanda zai ce wani Bature ya taɓa yin gumi a ciki.

Muna zaune muna warwara sai ga Naziha ta jawo kujera. Shekara ashirin da wani abu tana gidan nan, ba ta taɓa kallon kwarashi ba, ta ce aikin masu zaman banza ne. Ta ce, "Dada, ko za ki nuna mini?" Na ce yau kuma? Ta ce hannunta ne ba ya son zama. Na ba ta. Ta yi sarƙa mai kama da hanjin kaza. Na ce madalla, wannan ko jaririn aljani ba zai sa ba. Ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta tashi wai ta bar ruwa a wuta. Babu wuta a murhu.

Asabar, bayan Azahar

Hula, hula, hula. Safa. Hula.

Bari in rubuta yadda na samo bakin da nake yi wa huluna, ko hankalina ya tafi wani wuri. Zamanin ana ce wa jihar nan Gongola, aka buɗe ajin mata a cikin Yola. Malam ya ce in je in koyi karatu don in daina kai wa maƙwabta takardar asibiti su karanta mini sirrina. Malama Raudatu ke koyarwa, doguwa, da tabarau a kan hanci. Safe baƙaƙe, yamma saƙa. Karatun ya tsaya inda kuke gani, saƙar ta wuce. Ita ta koya mana ɓawon kifi: ido a kan ido, kowane ɓawo ya kwanta a bayan ɗan'uwansa, duka su fuskanci dama, kamar jikin karfasa. Yana cin zare, yana cin rai. Mu goma sha muka fara, waɗanda suka iya ba su cika hannu ba, yau duk sun riga ni. 'Yan matan yanzu saƙar waya suke kwaikwayo, mai manyan ramuka, a sa wa yaro hula iska na shiga ta ko'ina.

Yusrah kaɗai na koya wa. Da na zaunar da ita a gefena abin ya ƙi, na riƙe da dama ta riƙe da hagu, muka yi ta karo da gwiwar hannu kamar awaki a turke ɗaya. Babanta ya ce a doke hannun. Na ce an doke shi a kwano, an doke shi a allo, a bar mata shi a zare. Sai na juyo da ita ta fuskance ni, gwiwa da gwiwa, ta riƙa bina kamar madubi. Ta iya tsaf. Sai dai kifinta duk hagu suke kallo. Nakan ce mata, ke naki kifin Kamaru za su, nawa Numan.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba. Bai kai hankalina ko'ina ba.

Litinin, da yamma

Mun je Damare. A gada sojoji suka sauke mu daga Keke Napep, suka buɗe buhu. Wani yaro da bindiga ta fi shi tsawo ya ɗaga hula ɗaya a yatsa ya ce, "Mama, wannan fa?" Na ce taka ce, in kanka zai shiga. Ya yi dariya ya ce mu wuce.

Ba zan rubuta abin da na gani a can ba. Na raba huluna. Yara suka kewaye ni, na ba su labarin kurar da ta je ɗinkin Sallah wurin tela biri, ya yi ta auna ta yana cewa saura wutsiya, har Sallah ta wuce. Suka yi dariya. Wata ƙarama ba ta yi ba, ta riƙe mini gefen mayafi har muka tashi.

Na bi layin masu ciki ɗaya bayan ɗaya. An duba mana sunaye. Babu.

A kashe. Layi ɗaya.

Laraba, da Asuba

Na yi mafarkinta tana 'yar shekara bakwai, zare ya harɗe mata a yatsu tana kirana in kwance. Na farka ina neman almakashi.

Alhamis, bayan La'asar

Baban yara ya daina zuwa ofis, tasha yake wuni. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce kawo in rage maka. Ya ce, "Dada, bar shi." Da zai fita ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Watan nata ya kama ko?" Wannan ce tambayar farko da ya yi a kanta tun da aka haife ta. Na ce ya kama. Ya gyaɗa kai ya fita ba hula.

Asabar

An ce sun shiga Hong ma. Ban yi layi ba. Na koma na yi, don kada a ce.

Litinin, bayan Azahar

Rubutun zai karkace, ku yi haƙuri.

Mun koma Damare da huluna. An kawo sababbin mutane ta wajen iyaka. Ina rabo sai na iso kan wata mata a gindin bishiya, tana shayar da jariri. Na miƙa mata hula, ta ce, "Na gode Mama, yana da shi." Ta janye zani ta nuna mini kansa.

Ɓawon kifi. Duka suna kallon hagu.

Na zauna a ƙasa, ni da ban zauna a ƙasa ba tun da gwiwa ta kama ni. Mairo ta ce, "Adda, lafiya?" Na ce wa matar, 'yata, ara mini hular nan. Ta rufe kan ɗanta da tafin hannu, ta zaci ƙwacewa zan yi. Na fiddo tawa daga buhu na jera kusa da tata. Ta dubi wannan, ta dubi waccan. Ta ce, "Yesu! Iri ɗaya ne, amma naka ya juya." Na ce a'a, nata ne ya juya, tun tana ƙarama yake a juye.

Sunanta Virtue, mutuniyar Michika ce, gudunta na biyu ke nan. Hausarta irin ta can, mace da namiji duk "shi" ne. Zan rubuta yadda ta faɗa.

Ta ce, "Mun haɗu a dutse. Shi yana da ciki, ni ina da ciki. Mun tsallaka Kamaru tare, mun kwana a aji na makaranta. Nan ni na haihu. Ba riga, ba komai, sanyi yana kashe yaro. Yarinya ɗin ya samu ƙarfe na laima, ya buga bakin da dutse ya lanƙwasa. Ya warware suwaita da yake riƙe. Kafin rana ya faɗi ya gama hula."

Na ce sunanta fa? Ta ce, "Mama, ba ya magana. Tun da na gan shi bai ce komai ba. An tambaye shi suna, an tambaye shi gari, shiru. Hannu kawai yake aiki. Mai Hagu muke kiran shi."

Na ce tana ina? Ta ce ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya hawa motar da ta kwaso su ba. Wata mai tallan nono ta ɗauke ta zuwa rugarsu, a tsallaken iyaka, bayan Belel. Ta kwatanta wa Mairo wurin, da kuka biyu da rijiya, don ni kunnena ya daina ji.

Da na dawo hayyacina na ce, "Mijinta fa?"

Virtue ta gyara wa ɗanta hula. Ta sake gyarawa.

Ulun ja ne mai duhu. Na san suwaitar. A wajen ƙeya akwai ɗan guntun zare da launinsa bai dace da sauran ba. Zaren facina ne.

Na bar mata tawa ma, ya riƙa canzawa. Ta ce, "Mama, je ka ɗauko shi. Shi ne ya rufa wa yarona kai."

Litinin, bayan Magariba

Na faɗa musu a tsakar gida. Baban yara ya ce, "Dada, kin tabbata?" Na ce in aka kawo maka tuwon Naziha cikin tuwo ɗari, za ka ɓata? Ya tashi ya tafi neman Haladu, mai motar da ke ɗauko wake ta hanyar Belel.

Naziha ta miƙe. Ta shiga ɗakin nan da muka gyara ta kunna turare.

Rabin labarin na ba su. Rabin suwaita na riƙe.

Talata, da sassafe

Na ce da ni za a je. Haladu ya dubi gwiwata ya ce, "Hajiya, akwai inda mota ba ta shiga, sai an taka. In na goya ki, wa zai goya mai ciki?" Na ce ka ji mara kunya, da ƙuruciyata da kai da motarka zan goya. Amma gaskiyarsa.

Abin da ya dame ni daban ne. Yarinyar da ba ta magana, uban da bai taɓa kiran sunanta ba. Za su tsaya su kalli juna kamar baƙi a tasha. Mutanen rugar ma ta yaya za su ba shi ita?

Sai na jawo kwalla a gaban kowa, na karya al'adata da hannuna. Na fiddo shawul, da dunƙulen ulu, da kwarashina na ƙarfe wanda Malama Raudatu ta ba ni. Naziha ta ga shawul ɗin karo na farko, ta kai hannu ta taɓa gefe ta janye kamar ya ƙone ta. Na naɗe a ɗankwali na ba shi. Na ce kada ka ce mata komai, dama ba ka iya ba. Ka ajiye mata wannan a cinya. In ta tambaya, ka ce tsohuwa ta gaza, ta zo ta ƙarasa.

Ya karɓa da hannu biyu.

Laraba, bayan La'asar

Babu waya a can. Babu shawul a nan. Hannuna ya rasa abin yi, na warware wata hula mai kyau na sake saƙawa.

Alhamis

Shiru.

Juma'a, da hantsi

Shiru. Mairo ta kawo kunu, na ce ya yi tsami. Bai yi ba. Na bi ta har gida na ba ta haƙuri, ta ce, "Adda, da kin zage ni ma na ji daɗi, kwana biyu ba ki zagi kowa ba."

Asabar, bayan Azahar

Sun iso.

Ƙarar motar Haladu na fara ji, mai tari kamar tsohon da ya sha taba. Na fito ba takalmi. Baban yara ya sauko, ya buɗe ɗaya ƙofar, ya tsaya gefe yana kallon katanga.

Ta sauko da kyar. Ta yi baƙi, leɓe ya tsage, ƙafa kamar turmi, zanin jikinta na wasu ne. Cikin yana nan. Na dubi cikin kafin na dubi fuskar, Allah Ya yafe mini. Shawul yana rungume a ƙirjinta, kwarashi a soke a jiki.

Na shirya maganganu tun ranar Talata. Na ce zan ce, ke da aka ce Asabar, sai ki zaɓi Asabar ɗin da kika ga dama? Ko ɗaya bai fito ba. Na kama ta muka shiga.

Naziha tana tsakar gida. Suka haɗa ido. Na ga bakinta ya buɗe, na ga sunan ya hau harshenta, ta haɗiye shi. Ta juya ta shiga madafa. Can sai muka ji daka, da ƙarfi, ba tsayawa. Mairo ta leƙa ta dawo ta raɗa mini, "Adda, turmin babu komai a ciki." Na ce bar ta, ta daka.

Asabar, bayan Magariba

An yi mata wanka, ta sha kunu kaɗan. Ba ta ce komai ba. Babanta ya ce haka suka taho, tun daga rugar har gada, kanta a sunkuye tana saƙa, mota na jijjiga. Ya ce da ya ajiye mata ɗankwalin ta kwance, ta shinshina ulun, ta tashi ta nemi takalmi. Masu rugar ba su tambaye shi ko shi wane ne ba.

Na shimfiɗa shawul a gado. Daga ƙasa zuwa tsakiya kifi na kallon dama. Daga nan zuwa sama sun juya hagu. Duk wanda ya san saƙa zai ce an ɓata. Ba zan warware ko ido ɗaya ba.

Lahadi, da hantsi

Tana zaune a bakin gadona, na ba ta baya ina neman allura. Sai na ji an ce, "Dada."

Muryar ta dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ban juya ba, kada in kore ta. Na ce, "Na'am, uwar kinibibi."

Ta ce, "Layukan nan naki na ƙarshe, duk kin tsallake ido. Ga rami, ga rami, ga rami."

Na juya. Ta sa yatsa a ciki tana nuna mini. Gaskiya ne. Ni Sabuwa, da ban taɓa tsallake ido ba tun zamanin Gongola, kowane layi na kwanakin nan da raminsa. Na ce ado ne, sabon yayi, ke da kika zauna a ƙauye me kika sani? Ta ce, "Tsufa ne." Na ce uwarki ce tsohuwa. Daga madafa Naziha ta ce, "Ni me na yi?"

Bakin Yusrah ya motsa kamar za ta yi dariya. Sai idonta ya sauka a kan keke. Iska ta ɗage zanin da na rufa, hannun kaftani ya leƙo.

Na tashi zan rufe. Ta ce, "Bar shi."

Muka zauna. Ta sa kai a cinyata, da cikin da komai. Abin da ta faɗa mini ta faɗa mini. Ba na takarda ba ne.

Litinin, bayan La'asar

Mutanen gidansu Umair sun zo daga cikin Yola. An shimfiɗa tabarmi a waje. An yi addu'a. Na cire mata 'yan kunne da kaina, na ba ta farin mayafina.

Malamin unguwa ya ce zaman takabarta ba mai tsawo ba ne, ranar da ta sauka ta fita. Mairo ta ce sauƙi ne Allah Ya yi mata. Na ce haka ne. Ban ga sauƙin ba, amma na ce haka ne.

Alhamis, da Asuba

An tafi da ita asibiti. Naziha ta bi su da mayafi a baibai. A ƙofa na ji ta da kunnena tana cewa, "Sannu Yusrah, sannu, riƙe ni." Ba ta san na ji ba. Zan ajiye wannan, akwai ranar da zan yi mata gori da shi.

Alhamis, bayan Azahar

Namiji.

Asabar, da hantsi

An kawo mini shi a cikin shawul mai kifi biyu. Na duba hannuwansa, duka a dunƙule, bai nuna wanda zai ɗauka ba tukuna. Na ce masa, kai ne sabon angon? Ba haƙori, ba sisi, ba gashi. To mun dace, ni ma ba ni da su. An riga an yi masa huɗuba. Ba sai na rubuta sunan ba, uwarsa ma ba za ta iya kiransa ba, ta samu dalili biyu.

Na aika Mairo Damare da tuwo da zane, ta gaya wa Virtue Mai Hagu ta sauka, ranar suna muna jiran ta da ɗanta da hularsa.

Da rana Yusrah ta ce in buɗe keke. Na buɗe. Ta ce, "Dada, shaddar nan za ta yi masa riguna?" Na ce za ta yi har ya yi rarrafe. Ta ce, "Yankan da za ki yi masa. Mai faɗin hannu. Haka yake so."

Na ɗauko reza na fara farke ɗinkin. Hannun da na haɗa shi na fara cirewa. Ɗinkina ne, ƙanana, a matse, ya ƙi fita da sauƙi. Tana kallo, jariri na tsotso.

Da na zo kan aljihun gefe ta ce, "Wannan kada ki yanka. Ba ni shi haka."

Na farke shi a hankali na miƙa mata. Ta zura hannun hagu a ciki, ta bar shi a can.

Na sa wa keke mai. Yana juyawa.